Wadda Ake Bari a Tashar Tudun Wada

Mutum goma sha tara ne suka gwada wasan da Ramla ta haɗa, kuma sha shida daga cikinsu suka yar da Gwaggo Kande a tashar Tudun Wada. Sha shida fa. Ko ɓarawon akuya ba a taɓa haɗa masa kai haka a garin Bebeji ba.

Ga yadda abin yake. Ramla ta gama karatun kwamfuta a Kano ta dawo gida, sai ta ƙi zaman jiran aiki, ta kwashe wata bakwai tana haɗa gem, wato wasan waya, irin wanda kai ne jarumin labarin, kai za ka zaɓi abin da za ka faɗa da hanyar da za ka bi. Ƙaninta Ja'afar, mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa, shi ya zana mata mutanen ciki, don tun yana ƙarami bangon gidansu bai huta da gawayinsa ba. Labarin wasan ba shi da wuya. Irin dawar garinku ya lalace, ga damina ta kawo kai, sai aka aike ka daga Bebeji, ka bi ta Kiru da Tudun Wada har duwatsun Doguwa, ka karɓo iri wajen wani tsohon manomi. Kana buɗe wasan zai ce ka rubuta sunanka, daga nan kowa a ciki da sunan zai riƙa kiranka.

Kowa, ban da mutum ɗaya.

Abokan tafiya biyu ake haɗa ka da su. Akwai Mainasara maharbi, dogo mai saje, ga bindiga ga daɗin baki. Ko tuntuɓe ka yi sai ya kira sunanka ya ce bai taɓa ganin tuntuɓe na jarumta irin wannan ba. Sai kuma Gwaggo Kande, gajeriyar tsohuwa da ƙwaryar fura a ka. Ita ce mai ba ka fura idan ƙarfinka ya ƙare, amma kafin ka sha sai ka sha faɗa. Ka ɗaure buhu ta ce ba haka ake ɗaurewa ba. Ka yi ciniki a kasuwar Kiru ta ce an cuce ka. Kuma tun daga Bebeji har inda za ku rabu ba za ta taɓa kiran sunan da ka wahala ka rubuta ba. Daga “kai” sai “ke” sai “wannan”.

A Tudun Wada ake yin ta. Motar Doguwa ta cika, saura wurin mutum biyu, kai da wani. Sai wasan ya tsaya cak, ya ɗora maka hotuna biyu, ya ce zaɓi.

Shagon Ja'afar ya koma majalisa saboda wannan zaɓin. Mudi tela, wanda shagonsa ke jikin na Ja'afar, shi ne shugaban masu adawa. Sau uku ya buga wasan daga farko, ba don komai ba sai don ya ƙara jin daɗin barin tsohuwar a tasha. Cewa yake raini ne tsagwaronsa, mutum ya rubuta sunansa da hannunsa, Mudassiru cikakke, wata tsohuwa ta riƙa ce masa “wannan” kamar buhun masara. Malama Hasana ta makarantar firamare kuwa, wadda take zuwa cajin waya, ita ce ke tare wa Gwaggo faɗa. Ta ce duk wanda ya bar mai fura ya ɗauki mai daɗin baki, to a duba masa kai. Ranar Litinin har sai da musun ya kai Mudi ya ɗinke wa wani aljihun riga ta waje.

Da farko abin dariya yake ba Ramla. Daga baya ya daina. Akwai gasar matasa masu ƙirƙira da za a yi a Kano, kuma ranar Juma'a kafin la'asar za a rufe karɓar aiki. Ja'afar ya zaunar da ita ya ce Yaya, gaskiya ɗaya ce, alƙalan nan ba za su so wasan da ake zagin ɗan wasa daga farko har ƙarshe ba. A cire tsohuwar nan, a ba Mainasara furar, kowa ya huta. Aikin rabin yini ne.

Ramla ta ce za ta duba. A ranta kuwa ta riga ta yarda, amma ba don alƙalai ba. Tsoronta ɗaya ne, kar maganar ta kai kunnen Inna.

Don kuwa duk wanda ya taɓa shiga gidansu ya san daga inda aka kwaso Gwaggo Kande. Inna Baturiya ce, mahaifiyarsu, ba ragi ba ƙari. Tsayin nata ne, ɗaurin ɗankwalin nata ne, har yadda take karkata kai kafin ta kushe abu Ja'afar ya zana, wai shi bai lura ba. Bafulatana ce ta gefen Bagauda, a cikin shanu ta tashi kafin aure ya kawo ta Bebeji, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ramla ce 'yar farinta. Shekara ashirin da huɗu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ko wata Ramlar aka ambata a unguwa, sai Inna ta ce “mai sunan wannan”. A ƙaramar wayarta ma, da Ja'afar zai sa mata lambobi, ya tambaye ta me za a rubuta a ta Yaya, ta ce ya sa Wannan. Haka yake har yau. In Ramla ta kira, sai wayar ta nuna Wannan na kira.

Ba wai Ramla ba ta san al'ada ba. Ta sani sarai, ta san ba ita kaɗai ba ce, ta san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Amma tana ji Inna na cewa “Ja'afaruna, ka ci abinci kuwa?” sai ta ji zafin abin. Abin da ya fi tsaya mata shi ne ranar da za ta tafi makaranta Kano, shekara biyar da suka wuce. Baba ya raka ta tasha, Ja'afar ya ɗauki jaka, maƙwabta ma sun fito. Inna ko soro ba ta leƙo ba. Ta ce wanki gare ta, rana na yi. Ramla ta yi kuka a mota har aka kusa shiga Kano. Da ta isa ta buɗe jaka ta tarar da ƙullin fura da kwalbar man shanu a can ƙasa, ta kira Ja'afar ta yi ta yi masa godiya, shi kuma ya ce haba Yaya, ai ba komai.

Daga wannan ranar aka samo tashar Tudun Wada ta cikin wasa. Ramla ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma so take ta ga in aka ba mutane zaɓi, wa zai ɗauki irin wannan matar. Da ta ga sha shida sun yar da ita, maimakon ta ji sanyi sai ta ji haushinsu, ta ji kunyar kanta. Ta ƙudura ranar Alhamis za ta goge tsohuwar, maganar ta mutu ba tare da Inna ta ji ba.

To, ba ta yi shawara da bakin Mudi ba.

Ranar Laraba Inna ta kai masa atamfa ɗinki. Ya sauko daga kan keke ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi shanun Bagauda, duk lafiya lau. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ta ɗaga wata riga da ya gama, ta karkata kai ta ce wannan wuyan a karkace yake. Mudi ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wallahi Inna ke ce sak, ki yafe ni, sau uku ina zubar da ke a Tudun Wada.

Bayan la'asar Ramla na zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, sai ga Inna ta shigo, Ja'afar na biye da ita yana yi wa yayarsa alama da hannu cewa ta gudu. Inna ta cire mayafi, ta ninke shi a tsanake, ta zauna a tabarma.

“Ke. An ce ana ta zubar da ni a Tudun Wada.”

Ramla ta fara kame-kame, wai wasa ne kawai, wai ba kowa ba ce, wai ma gobe za a cire ta. Inna ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai tayar wa Ramla hankali, don faɗan Inna in da ƙara ne mai sauƙi ne.

Aka kawo tsohuwar wayar da ake gwaji da ita. Inna ta yi shekara biyu a ajin manya na unguwa, tana haɗa baƙi, amma a hankali, sai ta ce Ramla ta riƙa karanta mata. Da wasan ya nemi suna ta ce a sa ko mene ne, Ja'afar ya rubuta Baturiya. Nan take Mainasara ya faɗo fuskar waya da sajensa yana cewa Baturiya, tun da nake ban taɓa ganin mai zuciya irin taki ba. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce wannan ɗan damfara ne, a sa ido a kan jaka.

Sai ga Gwaggo Kande da ƙwaryarta. Yanzu fa aka zo wajen. Ramla ce za ta karanta maganar tsohuwar, da bakinta, a gaban mai maganar. Ta yi ƙasa da murya kamar mai karanta wasiƙar sammaci: “Ke, haka ake ɗaure buhu?”

Ja'afar ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Inna ta matso da wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallon buhun da aka zana, sannan ta ce ai gaskiyarta, wannan ɗaurin ko Kiru ba zai kai ba.

Haka aka yi ta tafiya. Kuma Inna ta iya wasa, abin mamaki. A kasuwar Kiru ta ƙi sayen takalmin da kowa ke saya, ta sayi igiya da gishiri. Da aka zo rafi ta ƙi bin gajeriyar hanyar da Mainasara ya nuna, ta ce ruwan da ya yi wannan launin ba a shiga. Duk abin da Gwaggo Kande ta kushe sai Inna ta ce masifaffiya, wannan mata da baki take, sannan ta yi daidai abin da tsohuwar ta ce. Ja'afar ya kasa haƙuri ya tambaye ta ko matar ta yi mata kama da wani. Ta ce ƙwarai kuwa, yayarta Ummulkhairi ce ta Kiru, har tafiyar. Ta faɗa ko gezau, fuskarta a ɗaure, har Ramla ta rasa ko da gaske take.

Suna dab da Tudun Wada Inna ta ɗaga hannu a tsaya. Ta ce ta lura kowa na kiran suna, mai kifi ya kira, ɗan kamasho ya kira, wannan mai sajen kuwa har ya ishe ta, amma tsohuwar ba ta kira ba ko sau ɗaya. Ramla ta ce eh, shi ya sa mutane ba sa son ta, Mudi ma cewa ya yi raini ne.

“Mudi ai na biyar ne a ɗakinsu,” in ji Inna. “Me ya sani?”

Ba ta ƙara ba, ta ce a ci gaba. Aka iso tasha. Mota ta cika, ɗan kamasho na buga ƙofa, hotuna biyu suka fito, Mainasara a dama, Gwaggo Kande a hagu. Ramla ta bayyana mata cewa wuri ɗaya ya rage, sai ta taɓa wanda za ta tafi da shi. Ta san in Inna ta taɓa Mainasara, to ta gane kuma ta yi fushi. In ta taɓa tsohuwar, to ta gane kuma abin ya yi mata ciwo. Ko ta ina ba daɗi.

Inna ba ta taɓa kowa ba. Ta ajiye wayar a tabarma ta tambaya wa ya tsara wannan shirmen. Ramla ta ce ita ce.

“To ba ki san ta ba. Wannan matar za ta tsaya a tasha kamar akuyar sayarwa, ana duba ta ana duba wani? Kafin a buɗe baki ta sauka. Za ta ce tana da abin yi a kasuwa, ko akwai wadda za ta gaisar a cikin gari. Don yarinya ta shiga mota ba tare da waiwaye ba. Daji za a ratsa, mai bindiga ake bukata, ta fi kowa sani.” Ta gyara ɗaurin ɗankwali. “Furar kuwa tun da asuba ta sa ta a ƙasan jaka. Sai an yi nisa za a gani.”

Ramla ta juya a hankali ta dubi Ja'afar. Ja'afar ya ɗaga kai yana nazarin sararin sama kamar an ba shi aikin duban hadari. Shekara biyar yana riƙe da godiyar da ba tasa ba, ko kunya. Da ta ci gaba da kallonsa ya ce a ƙasan maƙoshi, ai cewa aka yi in ya faɗa sai an cire masa kunne.

Ramla ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta so ta rungume matar nan, kuma ta san in ta kuskura ta gwada na ukun sai ta sha muciya. Daɗi ne ya cika ta, irin wanda ke zuwa da nadama a ciki. Duk shekarun nan tana ɗauke da wankin ranar nan a zuci, ashe wankin ƙarya ne. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, “Inna, to a cire ta ko a bar ta?”

Inna ta miƙe tana kakkaɓe zani. Ta ce ita ina ruwanta, ba ita ta haife ta ba. Amma in an cire ta, wa zai gaya wa mutane ɗaurin buhunsu bai yi ba? Ta wuce madafa tana mitar an sa ta zaman banza har rana ta faɗi ba a ɗora tuwo ba.

Washegari tun da hantsi Ramla ta baje a shagon Ja'afar, shi yana zane ita tana rubutu. Ba su cire zaɓin ba, don Ramla ta ce wasan da ba zaɓi ai tatsuniya ce. Abin da ke bayansa suka sauya. Hotuna biyu za su fito kamar da, amma kafin ka taɓa, Gwaggo Kande za ta sauke ƙwaryarta ta ce ita dama tana da wadda za ta gaisar a cikin gari, ku yi gaba. In ka ga dama ka ƙyale ta. In ka ga dama ka ce ba inda za ka sai da ita, ta yi maka tatas a gaban 'yan tasha, ta ce wane marar hankali ne zai bar mai bindiga ya ɗauki tsohuwa, sannan ta shiga mota ta zauna a wajen taga.

Tana cikin aikin wani abu ya faɗo mata. Ta duba sunayen mutum ukun da suka ɗauki tsohuwar tun farko: Malama Hasana, Ukasha mai shayi, da Zailani direba. Ta tambayi Ja'afar ko ya san na nawa ne kowannensu a gidansu. Ya ƙirga da yatsu, ya tsaya, ya dube ta. Duk ukun 'yan fari ne. Su ba su ji raini ba, muryar gida suka ji. Ita da ta rubuta abin da hannunta ce ta zo ta ƙarshe wajen ganewa.

Ranar Juma'a da safe aka kira Mudi ya gwada sabon. Ya zo da tsinin bakinsa, ya ce ko sau goma aka gyara sai ya bar ta. Da tsohuwar ta ce tana da wadda za ta gaisar, ya ce Allah raka taki gona, ya ja Mainasara suka shige mota. Suka ratsa dajin Falgore, mota ta lalace, aka koma tafiyar ƙasa. Ƙarfinsa ya yi ta raguwa, layin da ke nuna shi ya koma ja. Mainasara na gefe yana ta Mudassiru namijin duniya, Mudassiru ba ka gajiya, amma ko ruwa babu a gorarsa. Sai wasan ya ce duba jakarka. Mudi ya taɓa. A can ƙasa, ƙarƙashin igiya, ga ƙullin fura.

Ya sunkuyar da kai yana murza ido. Malama Hasana, wadda ta bar ajinta da aikin rubutu don kar a ba ta labari, ta tambaye shi lafiya. Ya ce zare ne ya shiga masa ido, aikin ɗinki ai ya gaji haka. Da ya farfaɗo ya ce shi fa har yanzu yana kan bakansa, masifaffiya ce, kuma ba abin da zai hana ta kiran sunan mutum. Malama Hasana ta ce to mayar mata da furarta. Ya ce ya riga ya sha. Musu ya dawo sabo, ya ma fi na da, don yanzu masu barin ta sun rabu biyu, masu cewa ita ta zaɓa da masu cewa an yi musu wayo. Ja'afar ya saurara ya ce wa yayarsa in alƙalan Kano suka yi rabin wannan faɗan a kanta, ai an gama.

Kafin a tafi masallaci suka tura aikin, da Gwaggo Kande a ciki, da ƙwaryarta da bakinta.

Ramla ta koma gida a gajiye, ta nemi wayar gwaji don ta sa a caji, ba ta gan ta ba. Ta duba jaka, ta duba ƙarƙashin filo. Gidan shiru, maza duk sun tafi Juma'a. Sai ta zagaya bayan rumbu, inda Inna ke zama tsince shinkafa in tana son iska.

Tana nan kuwa, a kan 'yar kujera, faifan shinkafa a gefe ba a taɓa shi ba. Wayar na hannunta na hagu, ta miƙa ta nesa da ido, ta fara wasan daga farko ita kaɗai. An zo inda ake rubuta suna. Da yatsa ɗaya take nema, tana bin baƙaƙen layi-layi, leɓenta a rufe gam. Ta sami na farko ta danna. Ta yi kuskure a na uku, ta yi tsaki, ta goge, ta sake. Ramla ta tsaya a bayanta tana kallon baƙaƙen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba Ramla Inna ta rubuta ba. Ramlatu ta rubuta, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ashe sunan yana nan a wajenta duk shekarun nan, har da wutsiyarsa da kowa ya yar.

Inna ta ji motsi. Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma ɓoye wayar ba.

“Me kike kallo? Faɗa da baki aka hana.”

Ta danna. Mainasara ya faɗo da sajensa yana Ramlatu, Ramlatu, tun da nake ban taɓa ganin mai zuciya irin taki ba. Wannan karon Inna ba ta ce masa ɗan damfara ba, ta bar shi ya gama. Sai Gwaggo Kande ta fito, ta karkata kai, rubutunta ya bayyana a ƙasa. Inna ta bi shi da yatsa a hankali har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

“Gaya mata dai,” ta ce wa tsohuwar. Sannan ta tura faifan shinkafar da ƙafa wajen Ramla. “Ke, zauna ki tsince. Ni tafiya ce a gabana.”